Labarin John Wesley, Mutumin da Ya Tsara Kwanakinsa

An haifi John Wesley a shekara ta 1703, cikin wani ƙaramin gari na ƙasar Ingila wanda a ke kira Epworth. Ubansa limamin ikilisiya ne, mutum mai ilimi amma marar dukiya. Uwarsa Susanna ita ce ta fara koya masa tsari, gama a gidanta akwai lokacin ci, da lokacin barci, da lokacin karatu, kuma kowane mako takan keɓe wa kowane ɗa sa'arsa domin su yi zancen Allah su biyu.

Sa'ad da ya yi shekara 17 aka kai shi babbar makaranta ta Oksfod. Can ne, a 1725, ya karanta littattafan waɗansu tsofaffin masu-bi a kan zaman tsarki, zuciyarsa ta tsaya a kan abu guda, cewa ba shi yiwuwa mutum ya ba Allah rabin ransa. Sai ya ɗauki ɗan littafi ya soma rubuta abin da ya yi da kowace rana. Bayan waɗansu shekaru har sa'a sa'a ya ke rubutawa, yana kuwa ba kansa lamba daga 1 zuwa 9 bisa ga yadda zuciyarsa ta kasance wajen ibada. Ya raba wa kwanakin mako aikinsu: Litinin da Talata karatun Helenanci da Latin, Alhamis Ibrananci da Larabci, Lahadi kuwa sanin Allah.

Yadda ya yi da barci ya isa a faɗa. Ya lura kowane dare yakan farka wajen tsakar dare, ya yi ta juyi bisa gado. Ya gane dalili, wato yana kwanciya fiye da abin da jikinsa ke bukata. Ya nemi agogo mai ƙararrawa, ya tashi ƙarfe 7 maimakon 8, amma farkawar ba ta bar shi ba. Kashegari ya tashi ƙarfe 6, sa'an nan 5, sa'an nan 4. A nan farkawar dare ta ƙare, a nan kuwa ya tsaya har tsufansa. Ka duba, ya ɗan'uwana mai karatu, bai kwaikwayi sa'ar wani ba, gwadawa ya yi har ya sami tasa.

A 1729 ya zama shugaban wata 'yar ƙungiya ta samari wadda ƙanensa Charles ya fara. Suna karanta Littafi Mai Tsarki tare, suna azumi Laraba da Jumma'a har ƙarfe 3 na yamma, suna ziyartar 'yan kurkuku da marasa lafiya. Sauran 'yan makaranta suka yi musu ba'a, suka laƙa musu suna Metodis, wato masu tsari, sunan kuwa ya bi su har yau. Wajen kuɗi, an ba da labari cewa shekarar da ya sami fam 30 ya ci 28, ya bayar da 2. Da samunsa ya kai fam 60 bai ƙara wa kansa ko sule ba, ya bayar da 32. Da ya kai 120 ya bayar da 92.

To, wa zai ga mutum irin wannan ya ce da sauran abin da ya rasa? Amma ya rasa, babba kuwa. A 1735 ya shiga jirgin ruwa zuwa Jojiya ta ƙasar Amurka domin wa'azi. A tsakiyar teku hadiri ya taso musu, ruwa ya kwararo cikin jirgi, tsoron mutuwa ya kama shi. Cikin jirgin akwai waɗansu masu-bi daga ƙasar Jamus, talakawa ne, da matansu da 'ya'yansu, suka ci gaba da waƙar yabo ba razana. Shi mai azumi, mai littafin lissafi, ya ga suna da abin da ba shi da shi. A Jojiya ma aikin bai yi albarka ba. Ya tsananta wa jama'a da dokoki, rigima ta tashi, ya baro ƙasar a ƙarshen 1737 da baƙin ciki.

A ganina laifin ba na tsarin ba ne. Laifin shi ne ya mai da tsarin tsani, yana so ya hau da shi ya kai ga yardar Allah, kowane dare kuwa littafinsa yana nuna masa matakin da ya karye. Mutumin da ke auna kansa kullum ba tare da sanin gafara ba, aunawar ba ta haifa masa kome sai tsoro.

Ran 24 ga watan Mayu 1738, da maraice, ya tafi wani ƙaramin taro a hanyar Aldersgate cikin birnin Landan, ba da son ransa ba. Wani yana karanta bayanin Martin Luther a kan Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. Wajen ƙarfe 9 saura kwata ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi, ya dogara ga Almasihu kaɗai domin ceto, ya tabbata an ɗauke zunubansa, nasa na kansa.

Waɗansu sukan tsammani wanda ya sami alheri ya huta da horon kai ke nan. Wesley bai yar da ko ɗaya daga cikin al'adunsa ba. Ƙarfe 4 ya ke tashi kamar dā, ƙarfe 5 yana wa'azi ga ma'aikata kafin su tafi aiki. Sai dai yanzu tsarin ya zama bara, yana hidimar aikin Ubangiji. Daga 1739 ya soma wa'azi a fili a Bristol, inda masu haƙar gawayi suka taru. An ƙiyasta ya yi tafiyar mil 250,000, yawancinta a kan doki, da littafi a hannu yana karatu, ya kuma yi wa'azi wajen sau 40,000. Ya tuna kuma ba shi kaɗai ya yi girma a Oksfod ba, saboda haka daga 1742 ya rarraba masu-bi kashi kashi, kamar mutum 12, su taru kowane mako, kowa ya faɗi yadda ransa ya ke.

Ba zan ɓoye inda ya gaza ba. Ya yi aure a 1751, amma ya ƙudura ba zai rage tafiya ko ta yini ɗaya ba saboda aure. Tsarin da ya sami wuri domin Larabci bai sami wuri domin matarsa ba. Gidan bai zauna lafiya ba, daga baya ta rabu da shi.

Ya ci gaba da rubuta lissafin kwanakinsa har mako guda kafin mutuwarsa. Ran 24 ga Fabrairu 1791 ya aika wa William Wilberforce takarda yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙi da cinikin bayi. Ran 2 ga Maris ya rasu a Landan, yana da shekara 87. Bisa ga wasiyyarsa matalauta shida suka ɗauki gawarsa, aka ba kowannensu fam guda.