Charles Taylor: Makaniken da ya ƙera injin jirgin sama na farko, ya tsufa a ɗakin marasa galihu

A shekarar 1955 wani ɗan jarida ya tarar da wani dattijo kwance a ɓangaren marasa galihu na babban asibitin gwamnati da ke Los Angeles, a Amurka. Sunansa Charles Edward Taylor, kuma babu abin da ya haɗa shi da tsohon shugaban Laberiya sai suna. Wannan dattijo shi ne ya ƙera injin da ya ɗaga jirgin 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, ranar 17 ga Disamba 1903. A lokacin da aka gano shi, kamfanonin jiragen sama na juya miliyoyin daloli, shi kuwa yana rayuwa da ɗan tallafin tsufa da dala 800 a shekara da Orville ya bar masa.

An haife shi ranar 24 ga Mayu 1868 a jihar Illinois. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 12, ya kama aiki a sashen ɗinkin littattafai na wata jarida a Nebraska, daga nan hannunsa ya faɗa kan ƙarfe. Aure ne ya kai shi birnin Dayton na jihar Ohio, inda wani dangin matarsa Henrietta ke da ginin da 'yan'uwan Wright suke haya suna sana'ar kekuna. A 1901 suka ɗauke shi aiki kan dala 18 a mako domin ya riƙe musu shago, su kuma su je gaɓar teku a Kitty Hawk su ci gaba da gwajin fukafukai.

Da suka gamsu da fukafukan, sai matsalar inji ta taso. Sun rubuta wa kamfanonin motoci suna neman inji mara nauyi mai ƙarfin doki 8, babu wanda ya biya musu buƙata. Aikin ya dawo kan Taylor, mutumin da sana'arsa gyaran keke ce. Babu cikakken zane a gabansa, sai 'yan zane-zanen da suke yi a guntayen takarda yana mannawa a saman teburinsa. Sandar da ke juyawa a tsakiyar injin, daga dunƙulen ƙarfe ya fitar da ita: ya huda ramuka a jere bisa siffar da ya zana, ya fasa da guduma, sannan ya goge ta a injin sassaƙa har ta daidaita. An zuba gangar injin da alminiyom don rage nauyi. Silinda huɗu, babu kafireto, babu fulogi, fetur na gangarowa da kansa daga ɗan tankin da ke sama. Cikin mako shida ya gama. Injin ya ba da ƙarfin doki 12, fiye da abin da aka nema, nauyinsa kuma kimanin kilo 80.

Ranar da jirgin ya tashi na daƙiƙa 12, Taylor yana Dayton yana tsaron shago. Hoton da duniya ta sani na wannan rana babu shi a ciki.

Abin da ya sa masu gyaran jirage ke ɗaukarsa uban sana'arsu ya fi fitowa a shekarun da suka biyo baya. Ranar 17 ga Satumba 1908, a sansanin Fort Myer na jihar Virginia, Orville na nuna wa rundunar sojan Amurka jirginsa, ɗauke da Laftanar Thomas Selfridge. Ɗaya daga cikin farfelolin ta tsage a sama, ta taɓa wayar da ke riƙe da wutsiyar jirgin, jirgin ya rikito. Selfridge ya rasu, ya zama mutum na farko da haɗarin jirgin sama mai inji ya kashe, Orville kuma ya karye a ƙafa da haƙarƙari. Taylor na wurin. Ya tattara ɓaraguzan, ya kai wa Orville sassan da suka karye har gadon asibiti domin a gano inda matsalar ta faro. A lokacin babu hukumar binciken haɗari, babu dokar da ta tilasta hakan. Tambayar da suka yi, wane sashe ne ya fara gazawa kuma me ya sa, ita ce har yau tambayar farko ta masu binciken haɗarin jirgi.

A 1911 Calbraith Rodgers ya ɗauke shi a matsayin babban makanike a yunƙurinsa na ƙetare Amurka daga New York zuwa California, yana harin kyautar dala 50,000 da attajirin jaridu William Hearst ya sa. Taylor na binsa a jirgin ƙasa maƙare da kayan gyara. Jirgin ya faɗi sau da yawa, ana gyarawa dare da rana, har ya zama kaɗan ne daga cikin sassansa na asali suka isa ƙarshen tafiyar. Rodgers ya kai Pasadena bayan kwana 49, wa'adin kwana 30 na kyautar ya riga ya wuce. Sunan matuƙin ne ya shiga jaridu.

Taylor ya so ya koyi tuƙi, amma iyayen gidansa ba su koya masa ba, don sun fi buƙatarsa a ƙasa. Wannan yabo ne ga gwanintarsa, kuma shi ne ya rufe masa ƙofar suna da dukiya. Ya bar Dayton a ƙarshen shekarun 1920 ya koma California, ya zuba ajiyarsa a filaye kusa da tafkin Salton, karayar tattalin arziki ta cinye. A 1937 Henry Ford ya nemo shi don ya taimaka wajen sake kafa shagon Wright a gidan tarihinsa da ke Dearborn. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana aiki a wata masana'antar kayan yaƙi a California, ya haura shekara 70, kuma abokan aikinsa ba su cika sanin ko wane ne shi ba. Bugun zuciya ya raba shi da aiki a 1945.

Sana'ar da ya fara da idonsa da kunnensa ta zama doka tun yana raye. Dokar zirga-zirgar jirage ta 1926 ta buɗe hanyar ba da lasisi ga matuƙa da jirage da makanikai a Amurka. A yau ƙaramin jirgi a can ba ya tashi sai an yi masa cikakken bincike cikin wata 12 da suka gabata, wanda ke ɗaukar mutane haya kuma ana duba shi duk bayan awa 100 na tashi. Matuƙi na iya yin ƙananan ayyuka kamar canjin mai, amma babban gyara sai mai lasisi, kuma jirgi ba ya komawa aiki sai an sa hannu a kundin tarihinsa. Matuƙin da ya ga wannan sa hannu yana ɗora ransa da na fasinjojinsa ne kan mutumin da galibi bai taɓa gani ba.

Bayan labarin ɗan jaridar ya bazu, kamfanonin jirage suka yi karo-karo aka mayar da Taylor wani gidan jinya mai zaman kansa. Taimakon ya zo saura 'yan watanni. Ya rasu ranar 30 ga Janairu 1956 yana da shekara 87, shekara takwas cif bayan rasuwar Orville. An binne shi a maƙabartar magabatan harkar jirage da ke kusa da Burbank.

Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, na ba da lambar yabo mai sunansa ga makaniken da ya shekara 50 a bakin aiki, hotonsa na jikin katin lasisin makanikan jirgi, kuma ranar haihuwarsa, 24 ga Mayu, ita ce ranar da masu wannan sana'a ke bikin kansu.