Ibn Batuta a Tsibiran Kwakwa

An haifi Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibn Batuta, a birnin Tanja na ƙasar Maroko cikin shekarar 1304. Gidansu gidan alƙalai ne. Yana da shekara 21 ya fita zuwa aikin hajji, bai komo ƙasarsu ba sai bayan shekara 24.

Ya daɗe yana alƙalanci a Delhi ta ƙasar Indiya. Ran nan Sarki Muhammadu Tugluk ya aike shi da kyautai masu yawa zuwa ga Sarkin Sin. Da suka isa Kalikut, a bakin teku, sai hadari ya taso ya farfasa jirgin da aka zuba dukiyar. Shi kuwa ya tsira domin yana tudu. Amma yaya zai koma ya gaya wa Sarki? Sarkin nan mai saurin fushi ne ƙwarai. Saboda haka ya yi ta yawo a gaɓar teku, har wajen 1343 ya shiga jirgi mai filafilai, watau wanda iska ke turawa, ya nufi tsibiran Maldib.

Yaran Gaya da Ajingi sun san giginya da goriba. To, a tsibiran nan kwakwar Attagara ce ta cika ko'ina. Ibn Batuta ya yi mamakin wannan itace. Ana shan ruwan ɗanyen ɗanta, a tatsi madara da mai daga naman ciki, a dafa ruwan da ke ɗiga daga reshen furenta ya zama kamar zuma. Zaren bayan ɗan kuwa shi ake murzawa a yi igiya, da ita ake ɗinke katakon jirage maimakon ƙusa. In jirgi ya bugi dutse a ruwa, ɗinkakke ya kan ɗan lanƙwasa, ba ya tsagewa da sauri.

A nan ne kuma ya ga inda ake samun wuri. Daga teku ake tsamo shi, a binne a rami har naman ya ruɓe, farin ƙwanso ya saura. Wurin da mutanen dā suka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Kano, da yawansa daga waɗannan tsibirai ya fito.

Wata mace ce, Hadiza, ke sarautar tsibiran a lokacin. Aka naɗa baƙon nan alƙali, ya tsananta hukunci, har ya kan sa a yi wa wanda ya ƙi zuwa Juma'a bulala. Ba a jima ba suka ɓata da waziri, ya ajiye aiki ya tashi.

Jirgi ya kai shi tsibirin Sarandib, wanda yanzu ake kira Siri Lanka. Can ya yi tafiyar kwanaki cikin kurmi mai giwaye da matsattsaku, ya hau Dutsen Adamu. Kusa da ƙwanƙolin dutsen hanya ta miƙe tsaye, sai da taimakon sarƙoƙin ƙarfe guda 10 da aka kafa ake hawa. A bisa akwai wani gurbi mai kama da sawun ƙafa, wanda Musulmin wurin ke cewa na Annabi Adamu ne. Da ya bar tsibirin, jirginsa ya makale kusa da gaɓa, ya kwana ruwa na shiga, sai da safe aka cece shi.

A 1352 ya ƙetare Sahara zuwa Mali, inda ya sake ganin wurin nan ana ciniki da shi. A 1353 ya sauka a Takadda, kusa da Agadas, ya ga ana fitar da tagulla zuwa Gobir da Barno. Wani malami, Ibn Juzayyi, ya rubuta labarin tafiye-tafiyensa. Ya rasu a Maroko wajen 1369.