Waziri Buhari: Malamin da ya zauna da Nasara

Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari, jikan Waziri Gidado da Nana Asma'u, ya hau kujerar waziranci a 1886. Shi ne ya naɗa Sarki Tukur a Kano a 1893, naɗin da ya haifar da yaƙin Basasa.

Amma abin da aka fi tunawa da shi ya faru ne bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi. Waziri kuwa ya komo gari da jama'a, ya yi aiki ƙarƙashin Turawa.

Lamarin bai kwanta masa a rai ba. Ya rubuta risala ga malamai yana kafa hujja cewa shari'a ta halatta bin mai rinjaye a zahiri, ban da zuciya, domin tsare addini da rayukan Musulmi. Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu ya ƙarfafa masa gwiwa.

Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ta ba sabuwar gwamnati halaccin da bindiga ba ta iya samar mata.

Haɗejiya ta ɗauki wata hanya dabam: a 1906 Sarki Muhammadu ya yaƙi Turawa har aka kashe shi, kuma ana kiransa Mai Shahada har yau.

Waziri Buhari ya rasu a 1910. Ɗansa Junaidu ya zama waziri daga baya.