Bubu Hama, mushen da ya rubuta tarihin Gobir

Da yawa cikinmu mun san sunan Bubu Hama ne a ƙofar gidan tarihi na Yamai, inda muke kai yara kallon zaki da dorina. To, wane ne shi?

An haife shi a 1906 a ƙauyen Foneko, wajen Tera. Ya yi karatu a lakwal William Ponty ta Senegal, ya komo gida yana mushe. Daga 1958 zuwa 1974 shi ke riƙe da majalisar dokoki, kuma jigo ne a RDA. Tsofaffin ƴan Sawaba da suka sha wuya a zamanin ba su manta ba.

Mu dai littattafansa suka fi jan hankalinmu. Ya bi dattawa yana ɗaukar labaran baka, ya tara tsofaffin takardun Larabci da na ajami. A 1967 ya fitar da littafi kan tarihin Gobir da Sakkwato, ga shi kuwa ba Bahaushe ba ne. Sai dai da Faransanci ya rubuta. Dattijon Tsibiri, wanda kakanninsa ne a cikin littafin, sai an karanta masa an fassara.

Sojojin Kunce sun tsare shi bayan juyin mulkin 1974. Ya rasu a Yamai a 1982.