R. G. LeTourneau

Robert Gilmour LeTourneau (an haife shi ranar 30 ga watan Nuwamba, 1888, ya rasu ranar 1 ga watan Yuni, 1969) ɗan kasuwa ne kuma maƙerin manyan injina ɗan ƙasar Amurka. An san shi da ƙera injinan haƙa da kwashe ƙasa da ake amfani da su wajen gina hanyoyi, madatsun ruwa da filayen jiragen sama. Bai yi zurfin karatun boko ba, amma ya mallaki takardun shaidar ƙirƙira kusan 300. Daga farkon shekarun 1950 ya kai injinansa Laberiya da Peru, da fatan za su mayar da kurmi gonaki da garuruwa cikin ɗan lokaci. Injinan sun yi aikinsu, amma burin bai cika yadda ya so ba.

Farkon rayuwa

An haifi LeTourneau a garin Richford da ke jihar Vermont, kusa da iyakar Amurka da Kanada, cikin gidan Kiristoci masu riƙo da addini. Iyayensa sun koma Duluth a jihar Minnesota, daga nan suka zarce Portland a jihar Oregon. Zaman aji bai karɓe shi ba. Yana da shekara 14 ya bar makaranta, ya shiga koyon aiki a wata masana'antar narkar da ƙarfe mai suna East Portland Iron Works. A nan ya koyi zuba narkakken ƙarfe a mazubi da sarrafa injinan yanka shi. Ya kuma riƙa karanta darussan kanikanci da ake aikowa ta gidan waya.

Daga Portland ya tafi San Francisco, inda girgizar ƙasar 1906 ta same shi. A can ya koyi walda da aikin lantarki. A 1909 ya isa Stockton a jihar Kalifoniya, ya yi sana'o'i iri-iri kafin ya tsaya kan gyaran mota. A 1911 shi da wani abokin haɗin gwiwa suka buɗe gareji mai suna Superior Garage, suna gyaran motoci suna kuma sayarwa.

Shiga aikin ƙasa

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya bai shiga soja ba saboda wani rauni da ya samu a wuya. Ya yi aikin walda da lantarki a tashar gyaran jiragen ruwan yaƙi ta Mare Island. Da ya dawo Stockton sai ya tarar garejin ya durƙushe, ga bashi a kansa. Domin ya biya, ya karɓi aikin gyaran wata tsohuwar tarakta ƙirar Holt, mai taraktar kuma ya ba shi aikin baje wani fili da ita.

Stockton ne garin kamfanin Holt, wanda ya yi suna da tarakta mai tafiya kan sarƙa a maimakon taya. A 1925 Holt ya haɗe da kamfanin Best suka zama Caterpillar, kuma daga wannan suna Hausa ta samo kalmar katafila. Manoman yankin suna noman rani ne, kuma ruwan ban-ruwa ba ya ratsa gona sai an daidaita ta, don haka aikin baje ƙasa yana da kasuwa. A watan Janairun 1920 LeTourneau ya sayi tsohuwar tarakta ya zama ɗan kwangila. A 1921 ya buɗe ɗan shagon ƙira a Stockton, inda ya fara haɗa injinan da yake buƙata da hannunsa. An yi wa kamfanin rajista da sunan R. G. LeTourneau, Inc. a 1929.

Ƙirƙire-ƙirƙirensa

Injin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne makankarin ƙasa. Wani babban akwatin ƙarfe ne mai kaifin baki a ƙasansa. Idan ana jan sa, bakin yana kankare ƙasa tana shiga ciki, sannan a kai ta inda ake so a shimfiɗa. Inji ɗaya ne ke yin haƙa, ɗauka, jigila da zubarwa. A da alfadarai ke jan ƙananan irinsa, kuma kowanne yana buƙatar mutum a bayansa.

Gyara na farko da ya kawo shi ne walda. Maƙeran lokacin suna haɗa ƙarafa da ƙusoshin da ake dannewa da zafi, abin da ke ƙara wa inji nauyi. Da ya koma walda, injinansa suka fi sauƙi, tarakta ɗaya ta iya jan ƙasa mai yawa. Na biyu, ya ƙera na'urar da ke juya igiyoyin ƙarfe da ƙarfin injin tarakta, yadda direba shi kaɗai zai iya ɗaga bakin makankari ko sauke shi daga kan kujerarsa. Na uku, a 1932 ya sa wa makankari tayoyin roba masu iska a maimakon na ƙarfe, waɗanda ke nutsewa cikin rairayi. Tayar roba ta ƙara gudu, ta kuma rage wahalar ja.

A ƙarshen shekarun 1930 ya fito da Tournapull, wani kan inji mai taya biyu kacal wanda ba ya tsayuwa sai an haɗa shi da makankari. Da farko an yi masa kallon abin dariya. Amma ya ninka katafila mai sarƙa gudu, kuma idan wurin zubar da ƙasa yana da nisa, gudu ne ke kawo riba. Daga baya manyan kamfanoni suka bi wannan tsari.

Bunƙasar kamfani

Aikin kwangila ya sha jefa shi cikin bashi. A farkon shekarun 1930 ya yi aikin hanyar da ta nufi wurin gina madatsar ruwa ta Hoover, inda ya ci karo da dutse mai taurin gaske, ya tafka asara. A 1933 ya bar kwangila ya koma ƙira da sayarwa kawai. Lokacin tattalin arzikin Amurka ya karye, amma gwamnati tana zuba kuɗi a hanyoyi da madatsu domin samar da aikin yi, don haka cinikin injinansa ya yi ta hauhawa.

A 1935 ya gina masana'anta a Peoria, jihar Illinois, kusa da Caterpillar. Taraktocin Caterpillar ne ke jan yawancin injinansa, dillalan Caterpillar kuma ke sayar da su a ciki da wajen Amurka. Ya ƙara buɗe masana'antu a Toccoa da ke Jojiya, Rydalmere da ke Ostireliya, Vicksburg da ke Mississippi, da Longview da ke Teksas. A Yaƙin Duniya na Biyu an ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na injinan aikin ƙasa da sojojin ƙawance suka yi amfani da su daga masana'antunsa suka fito. A 1944 dangantakarsa da Caterpillar ta yanke, domin kamfanin ya yanke shawarar ƙera nasa makankaran. Wannan ya raba shi da dillalan da ke kai kayansa kasuwa, dole ya kafa nasa.

A 1953 ya sayar da ɓangaren injinan aikin ƙasa ga kamfanin Westinghouse Air Brake kan dala miliyan 31, da sharaɗin ba zai sake ƙera irinsu ba har shekara biyar. Ya riƙe masana'antun Longview da Vicksburg. A waɗannan shekaru ya inganta taya mai lantarki: injin dizal yana juya janareta, janareta yana ba da wuta ga ƙaramin injin lantarki da ke cikin kowace taya. Da wannan ya ƙera injinan kayar da bishiyoyi, na ɗaukar gungume, da dogayen motoci masu tarago da yawa da ke tafiya kan ƙanƙara ba tare da hanya ba. A 1956 ya miƙa wa kamfanin Zapata, wanda George H. W. Bush ke jagoranta a lokacin, wani dandalin haƙar mai a teku mai ƙafa uku da ake kira Scorpion. A 1958 ya koma kasuwar injinan aikin ƙasa yana da shekara 70.

Addini da ilimi

LeTourneau mai wa'azi ne ko da yake ba limamin coci ba ne. Ya riƙa yawo da jirgin samansa yana jawabi a majami'u da tarurruka, ya kuma taɓa shugabantar ƙungiyar Gideons mai rarraba Littafi Mai Tsarki. An san shi da bayar da kashi 90 cikin ɗari na abin da yake samu ga ayyukan addini, ta hannun gidauniyar da shi da matarsa suka kafa a 1935. A 1946 suka buɗe makarantar koyon sana'a a wani tsohon asibitin soja a Longview, yawancin ɗalibanta na farko tsofaffin sojoji ne da ke karatu suna kuma aiki a masana'anta. Ta zama kwaleji a 1961, ta zama Jami'ar LeTourneau a 1989.

Aikin Laberiya

Bayan yaƙi, ƙasashen Afirka da Kudancin Amurka sun zama sababbin kasuwanni ga masu ƙera manyan injina, saboda suna buƙatar hanyoyi, tashoshin ruwa da gonaki. A Laberiya, Shugaba William Tubman yana bin manufar buɗe ƙofa ga jarin ƙasashen waje. Tun 1926 ƙasar ta ba kamfanin Firestone damar hayar fili har eka miliyan ɗaya na shekara 99 domin noman roba. LeTourneau ya samu hayar eka 500,000 na shekara 80 a gaɓar tekun kudu maso gabashin ƙasar, a yankin Baffu Bay. Ya loda injina, kayan gini da ma'aikata a wani tsohon jirgin ruwan soja daga Vicksburg, aka kafa sansani mai suna Tournata.

Ra'ayinsa shi ne yunwa da talauci suna raguwa idan mutum ɗaya ya iya noma abin da mutum ɗari ke nomawa, kuma inji ne hanyar yin haka. Ya so a share kurmi, a sayar da katako, a yi noma da kiwo, a koya wa 'yan ƙasa tuƙi da gyaran inji, a kuma yi wa'azi. Ya so aikin ya riƙa ciyar da kansa ba tare da jiran taimako ba. Wurin ya kuma zama filin gwada sababbin injinansa na share daji.

Share dajin bai gagara ba. Abin da ya biyo baya ne ya yi wuya. Gaɓar Laberiya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Afirka ta Yamma, kuma ƙasar kurmi ba ta da kaurin taki. Da zarar an cire bishiyoyi, ruwa yakan wanke albarkar da ke samanta. Wurin yana nesa da Monrobiya da kasuwanni, babu hanyar mota mai kyau, kayan gyara kuma sai an kawo su daga ƙetaren teku. Aikin bai kai ga riƙe kansa ba, aka rufe shi a shekarun 1960.

Ba shi kaɗai ya gamu da haka ba. Shirin noman gyaɗa da injina da Birtaniya ta fara a Tanganyika a 1947 ya rushe a 1951. A Najeriya ma, shirin noman zamani na Mokwa da aka fara a 1949 ya tsaya a 1954. A duka ukun an kawo inji kafin a fahimci ƙasar, damina, da yadda manoman wurin ke aiki.

Aikin Peru

A 1954 ya fara irin wannan aiki a Peru, zamanin Shugaba Manuel Odría. Yarjejeniyar ita ce ya gina hanya mai tsawon kimanin kilomita 50 cikin kurmin Amazon, gwamnati kuma ta ba shi fili kusan eka miliyan ɗaya kusa da kogin Pachitea. An kafa gari mai suna Tournavista, aka share daji domin kiwon shanu. Ruwan sama da laka sun sa hanyar ta ci lokaci da kuɗi fiye da yadda aka tsara. Bayan rasuwarsa filin ya koma hannun gwamnatin Peru. Garin yana nan har yau, kuma sunansa ne sunan wata gunduma a yankin Huánuco. A yanzu ana kallon share kurmi irin wannan da ido daban, saboda illarsa ga muhalli da kuma al'ummomin da ke zaune a dajin tun asali.

Iyali da rasuwa

Ya auri Evelyn Peterson a 1917, suka haifi 'ya'ya bakwai. Ɗansu na fari ya rasu yana jariri, wani kuma ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1940. A 1960 aka buga tarihin rayuwarsa mai suna Mover of Men and Mountains. A 1966 ya miƙa shugabancin kamfani ga ɗansa Richard, amma ya ci gaba da zanen injina. Ya samu shanyewar jiki a watan Maris na 1969, ya rasu ranar 1 ga Yuni a Longview yana da shekara 80. An binne shi a harabar makarantar da ya kafa.

Abin da ya bari

An sayar da kamfaninsa ga Marathon a 1970, ga Rowan a 1994, ga Joy Global a 2011, sannan Komatsu na ƙasar Japan ya saye Joy Global a 2017. Masana'antar Longview ce ta ƙera L-2350, wanda aka sani da injin lodi mai taya mafi girma a duniya, kuma da tsarin taya mai lantarki yake aiki. Walda, manyan tayoyin roba da makankari mai tuƙa kansa sun zama ruwan dare a aikin hanya da madatsu a ko'ina. Madatsun ruwa irin su Tiga a jihar Kano, waɗanda jikinsu tarin ƙasa ne da aka kwaso aka danne, su ne irin aikin da aka ƙirƙiri waɗannan injina dominsa.

Tarihinsa ya kuma nuna iyakar abin da inji zai iya. A Amurka injinansa sun tarar da dillalai, makanikai, kayan gyara da gwamnati mai biyan kuɗin aiki. A Tournata sun isa su kaɗai. Shi ya sa kamfanonin da suka daɗe a kasuwannin Afirka suka fi dogara ga dillalan cikin gida, rumbunan kayan gyara da horar da makanikai, domin katafilar da ta lalace babu mai gyara ta ba ta da bambanci da tarin ƙarfe a bakin hanya.