Al-Karaji

Abubakar Muhammad ibn al-Hasan al-Karaji (an haife shi wajajen shekarar 953, ya rasu wajajen 1029) masanin lissafi ne kuma injiniya, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Bagadaza a zamanin daular Buwaihiyya. An fi saninsa da faɗaɗa ilimin aljebra, musamman hanyar warware daidaiton lissafi mai babban mataki ta mayar da shi mataki na biyu.

Suna da asali

Tsofaffin rubuce-rubuce sun kawo sunansa iri biyu, domin ɗigo ne kawai ya bambanta su a rubutun Larabci: al-Karkhi, mai nuni ga unguwar Karkh ta Bagadaza, da al-Karaji, mai nuni ga garin Karaj a ƙasar Iran ta yau. Tun bayan binciken masanin Italiya Giorgio Levi della Vida a shekarun 1930, suna na biyu ne ya fi karɓuwa.

Littattafai

Manyan littattafansa na lissafi uku ne: al-Fakhri, wanda ya sadaukar ga waziri Fakhr al-Mulk, sai al-Badi' da al-Kafi. Ya ɗora a kan aikin al-Khwarizmi da Abu Kamil, ya kuma amfana da littafin Diophantus na Girka da aka fassara zuwa Larabci. Bayan ya bar Bagadaza zuwa yankin duwatsu na Iran, ya rubuta Inbat al-Miyah al-Khafiya, kan gano ruwan ƙarƙashin ƙasa da haƙa magudanansa.

Gudummawarsa ga aljebra

Al-Khwarizmi ya tsara ƙa'idojin warware daidaito har zuwa mataki na biyu, wato inda aka ninka lambar da ake nema da kanta sau ɗaya. Al-Karaji ya jera matakan da ke sama da haka ba tare da iyaka ba, ya kuma bayyana yadda ake ninka su da raba su. A kalmomin Larabci na lokacin, x² shi ne mal, x³ ka'b, x⁴ kuwa mal mal. Ba ya amfani da alamomi. Duk lissafinsa da kalmomi yake.

Ya nuna cewa duk daidaiton da ke da siffar ax²ⁿ + bxⁿ = c, na mataki na biyu ne a ɓoye, saboda babban matakin shi ne ƙaramin da aka ninka da kansa. Misali a rubutun zamani: x⁴ + 5x² = 126. Idan aka sa y a madadin x², sai ya koma y² + 5y = 126. Rabin 5 shi ne 2½. A ninka shi da kansa, 6¼. A haɗa da 126, a samu 132¼. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da wannan ita ce 11½; a cire 2½, saura 9. Ke nan x² = 9, x kuma 3 ne. Ƙa'idar tana ba da amsa ta biyu, y = −14, amma shi da masanan zamaninsa amsar da ta haura sifili kaɗai suke karɓa.

Ya kuma tabbatar da cewa jimlar 1³ + 2³ har zuwa 10³ daidai take da 55², wato 3025, ta hanyar gina kowane mataki a kan na bayansa.

Tasiri

Wani aikinsa da ya ɓata ya tsira ta hannun al-Samaw'al, masanin ƙarni na 12, wanda ya kawo jadawalin lambobinsa mai kusurwa uku a littafin al-Bahir. Jadawalin ne yau ake kira da sunan Blaise Pascal na Faransa, wanda ya rayu a ƙarni na 17. Masanan Turai sun san al-Fakhri sosai bayan Franz Woepcke ya buga wasu sassansa da Faransanci a birnin Paris a 1853. Hanyar musanya lamba da ya bi ita ce har yau ake koya wa ɗalibai a darasin aljebra.