HELENIO HERRERA, MUTUMIN DA YA SA WA ƘWALLON TURAI SAKATA

A cikin manajojin kulob-kulob na ƙwallon ƙafa da aka yi a Turai, da wuya a sami wanda aka yaba kuma aka zaga kamar marigayi Helenio Herrera. Mutanen Italiya sun laƙaba masa sunan Mai Dabo saboda yawan nasarorinsa. Waɗansu kuwa, musamman a Ingila, sun ɗauke shi mutumin da ya kashe wa 'yan kallo daɗin wasa, ya mai da fili wurin gadi. Har yanzu in aka ambaci salon nan na tsare gida da ake kira katanaciyo, watau sakatar ƙofa da harshen Italiya, sunansa ne ke fara zuwa bakin mutane. Amma ba shi ya ƙago salon ba, ba kuma da shi ya fara yin suna ba.

An haifi Herrera a birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina cikin shekarar 1910, ko da yake shi kansa ya daɗe yana rage wa shekarunsa shida. Iyayensa mutanen kudancin Sifen ne, talakawa, ubansa kafinta. Yana ɗan shekara goma suka yi ƙaura zuwa Kasabalanka ta ƙasar Maroko, wadda a lokacin take hannun Faransawa, a can ya tashi cikin unguwar marasa galihu, a can kuma ya koyi ƙwallo. A 1932 ya haye Faransa, ya yi wa kulob da dama wasa a matsayin ɗan baya, har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Bai yi fice ba, ciwon gwiwa kuma ya rage masa ƙarfi. Da yaƙin duniya na biyu ya zo ƙarshe sai ya koma koyarwa.

A Sifen tauraronsa ya fito. Ya ci wa Atlético Madrid gasar ƙasa sau biyu a jere, a 1950 da 1951, tare da shahararren ɗan wasan nan na Maroko, Larbi Ben Barek, wanda dama ya san shi tun suna tare a kulob ɗin Stade Français. A 1958 ya karɓi Barcelona. Duk wanda ya san Herrera da tsaron gida kaɗai, ya kamata ya dubi abin da ya yi a nan: a kakar 1958 zuwa 1959 'yan wasansa sun jefa ƙwallo 96 a wasa 30, suka ɗauke gasar daga hannun Real Madrid, suka kuma maimaita a shekara mai bi mata. A 1960 suka ci Wolverhampton, zakarun Ingila, 4 da nema a gida, suka bi su har gidansu suka ƙara musu 5 da 2. Sai dai Real Madrid ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Turai, ga kuma rashin jituwa tsakaninsa da Kubala, ɗan lelen 'yan kallo. Aka sallame shi.

Wani attajirin man fetur, Angelo Moratti, shi ya kira shi kulob ɗin Inter na birnin Milan a wannan shekara. Shekara biyu na farko ya yi wasan kai hari kamar yadda ya saba, ya zo na uku, sa'an nan na biyu. Mai kulob kuwa kofi yake so. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, saboda haka Herrera ya waiwayi salon da ya tarar a ƙasar.

Asalin wannan salo daga ƙasar Suwizalan yake. Wani mutumin Ostiriya, Karl Rappan, shi ya fara shi cikin shekarun 1930, domin 'yan wasansa ba su kai abokan karawarsu ƙarfi ko gwaninta ba. Sai ya janye mutum guda ya ajiye shi bayan sauran 'yan baya, ba a ba shi kowa ya tsare ba, aikinsa kurum ya tare duk wanda ya kuɓuce. Da wannan dabara Suwizalan ta fitar da Jamus daga gasar cin Kofin Duniya ta 1938. Bayan yaƙi ƙananan kulob na Italiya suka ara, aka riƙa kiran mutumin na baya libero, watau sakakke. Makamin talaka ne, wanda ba shi da kuɗin sayen gwanaye. Nereo Rocco ya kai ƙaramin kulob ɗin Triestina matsayi na biyu da shi a 1948, kana daga baya ya shigo da shi AC Milan, maƙwabta kuma kishiyoyin Inter, ya ci Kofin Turai a 1963, shekara guda kafin Herrera.

To, in haka ne, me Herrera ya ƙara? Abin da ya ƙara shi ne sauri da kuma tsari. A gabansa kowa na da aiki guda, sananne. Burgnich da Guarneri su manne wa 'yan gaban abokan karawa, duk inda suka sa ƙafa. Ɗan tsakiya guda ya bi gwanin da ke rarraba musu ƙwallo. Kyaftin Armando Picchi ya tsaya bayansu duka yana share abin da ya tsallake. Da zarar an ƙwace ƙwallo sai a miƙa wa Luis Suárez, wanda aka saya daga Barcelona a 1961 kan lira miliyan 250, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasa ba a lokacin. Shi kuwa Suárez ba ya ɓata lokaci, doguwa yake aikawa ta sama, ta sauka gaban Jair a gefen dama ko gaban Sandro Mazzola a tsakiya. Taɓawa uku ko huɗu, an isa raga. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne Giacinto Facchetti, dogon ɗan bayan hagu da aka sakar wa mara ya riƙa hawa gaba. A kakar 1965 zuwa 1966 ya ci ƙwallo 10 a gasar Italiya, a zamanin da ɗan baya ba ya ƙetare rabin fili sai da dalili.

Tsakanin Herrera da Rocco, bambancin ya fi yawa a wajen riƙon mutane. Rocco ɗan mahauci ne daga Trieste, mai barkwanci, yana zama teburi guda da 'yan wasansa, yana shawara da manyansu kafin ya fitar da jerin waɗanda za su buga. Ya gina wasansa a kan basirar Gianni Rivera, ya sa waɗansu su yi masa gudu. Herrera ba ya shawara da kowa. Shi ke faɗin abin da za a ci da lokacin da za a kwanta, yana manna takardun zuga a bangon ɗakin sauya kaya, yana kuma kwashe 'yan wasa kwanaki kafin kowane wasa ya killace su a sansanin kulob da ke Appiano Gentile, nesa da iyalansu. Yana da littattafan da yake rubuta halin kowane abokin karawa. Wanda ya ɗaga masa kai, ƙofa a buɗe take: Angelillo, wanda ya ci ƙwallo 33 a kaka guda, an sayar da shi ga Roma a 1961. Kafin zamaninsa manaja a Italiya ma'aikaci ne da ba a cika tunawa da shi ba. Herrera ne ya sa aka fara kiran kulob da sunan manajansa, ya kuma sa albashin manaja ya kama na manyan 'yan wasa.

Amfanin ya biyo baya. A 1963 Inter ta ci gasar Italiya, ƙwallo 20 kacal aka zura mata a wasa 34. A 1964, a birnin Vienna, ta doke Real Madrid 3 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin Turai, Tagnin ya hana Di Stéfano sakat, Mazzola ya ci biyu. A 1965 ta riƙe kofin a filinta na San Siro, cikin ruwan sama, da ƙwallo guda da Jair ya ci Benfica. Ta ƙara gasar Italiya a 1965 da 1966, ta kuma doke Independiente ta Ajantina sau biyu a kofin zakarun nahiyoyi. Amma nasarar ba ta rasa tabo ba. A wasan kusa da na ƙarshe na 1965 Liverpool ta ci 3 da 1 a gida, Inter ta rama da 3 da nema a Milan, biyu daga cikin ƙwallayen kuwa 'yan Liverpool sun yi ƙorafi a kansu, manajansu Bill Shankly ya ɗora wa alƙalin wasa laifi. Zargin saye alƙalai ya daɗe yana bin Inter ta wancan zamani a jaridun Ingila, ko da yake ba a hukunta kulob ɗin a kansa ba.

Cikin 1963 wani manaja daga Sikotlan, Jock Stein, tsohon mai haƙar kwal wanda a lokacin yake riƙe da ƙaramin kulob ɗin Dunfermline, ya je Milan takanas domin ya ga yadda Herrera ke horo. Bayan shekara huɗu, ran 25 ga watan Mayu, 1967, suka haɗu a Lisbon a wasan ƙarshe na Kofin Turai, Stein na jagorancin Celtic. 'Yan wasansa goma sha ɗaya duk an haife su ne cikin mil 30 daga birnin Glasgow, ba wanda aka kashe wa dukiya. Inter ta shiga ba Suárez, ba Jair, saboda rauni. Minti bakwai da farawa Mazzola ya ci fenariti, Inter ta koma baya ta zura sakata, kamar yadda ta saba, a kan cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Stein ya riga ya gane inda salon yake da rauni. Mutumin da aka ce ya manne wa wani, duk inda aka ja shi nan zai bi. Saboda haka 'yan gaban Celtic suka riƙa barin wurarensu, Johnstone da Lennox suna shigowa tsakiya, masu tsaronsu na biye da su, gefe ya zama wayam. Ta nan 'yan baya biyu, Craig da Gemmell, suka riƙa hawa, Murdoch da Auld kuma na harbi daga nesa, ba wanda aka ɗora wa tsaronsu. Libero guda ba ya iya toshe ƙofa huɗu. Ga shi babu Suárez da zai aika doguwa, don haka duk ƙwallon da Inter ta fitar sai ta dawo mata. Gola Sarti ya yi ta tarewa, ƙarfen raga ya tare biyu. A minti na 63 Craig, wanda shi ya jawo fenaritin, ya miƙa wa Gemmell, ya narka ta raga. Watau ɗan baya ne ya ba ɗan baya, da irin makamin da Herrera ya ƙera da Facchetti. Saura minti shida a tashi Chalmers ya karkatar da harbin Murdoch, aka tashi 2 da 1. Daga baya waɗansu 'yan Inter sun bayyana cewa killacewar da aka yi musu a masauki kafin wasan ta hana su barci, sun shiga fili a gajiye.

Mako guda bayan haka, ran 1 ga watan Yuni, Inter ta je Mantova ta sha kashi 1 da nema, ƙwallo ta suɓuce daga hannun Sarti, Juventus ta ɗauke gasar Italiya. Herrera ya ɗora laifin a kan 'yan wasa. Picchi, wanda ke iya faɗa masa gaskiya, aka sayar da shi ga Varese.

Salon bai mutu nan take ba. A 1969 Milan ta Rocco ta lallasa Ajax ta Holan 4 da 1 a wasan ƙarshe. Amma manajan Ajax, Rinus Michels, yana kan gina abin da ya fi na Stein nisa: ɗan baya ya koma gaba, ɗan gaba ya dawo baya, a tsare fili maimakon mutum, a kuma taso wa abokin karawa tun daga gidansa. Ya ci kofin a 1971. A 1972, ƙarƙashin magajinsa Kovács, Ajax ta gamu da Inter, wadda har lokacin take da Burgnich da Facchetti da Mazzola, Cruyff ya ci ta biyu ba ko ɗaya.

Herrera ya bar Inter a 1968 ya koma Roma, ya ci Kofin Italiya a 1969, shekarar da ɗan wasansa Giuliano Taccola ya mutu yana da shekara 25 bayan ya faɗi a ɗakin sauya kaya a Cagliari. Ya dawo Inter a 1973, ciwon zuciya ya katse masa aiki. Kofinsa na ƙarshe shi ne Kofin Sarkin Sifen da ya ci wa Barcelona a 1981. Ya ƙarasa rayuwarsa a birnin Venice, inda ya mutu ran 9 ga watan Nuwamba, 1997, aka binne shi a tsibirin San Michele. Littattafan dabarunsa Facchetti aka danƙa wa. Inter kuwa ba ta sake ɗaga Kofin Turai ba sai a 2010, ƙarƙashin José Mourinho, lokacin da Massimo, ɗan Angelo Moratti, yake shugaban kulob ɗin.